Bututun da Na Kafa a Jingar Bukar

Shekaranjiya da kuka zo shagona kan maganar haɗa eriya, ɗayanku ya nuna mini waya ya ce, "Baba Habu, ai abin ba wuya, sanda biyu ce kawai da waya. Mun gani a bidiyo, mutumin ya gama haɗawa kafin shayinsa ya huce." Sannan idonsa ya kai kan bututun ƙarfen nan mai tsatsa da ke jingine a bayan ƙofa, ya ce in ba ku shi ku yi wa eriyarku turke. Na hana, kuka ɗauka rowa ce. Ban ba ku amsa a lokacin ba, domin akwai mai jiran rediyonsa, kuma bakina ba ya saurin bayani. Shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna bai wuce allo da firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Bututun nan shi ya raba wani mutum da gonarsa da mutuncinsa a garinsu. Sunansa Bukar, abokina ne, kuma da hannuna na kafa bututun. Amma bari in fara muku daga sana'ar, in ba haka ba ba za ku gane yadda mai gyaran rediyo ya je ya yi ɓarna a bakin kogi ba.

Aikin farko da aka ba ni a shagon Oga Yohanna shi ne haɗa waya biyu da dalma. Oga Yohanna mutumin Filato ne, aikin gwamnati ya kawo shi Haɗejiya, da ya yi ritaya ya ƙi komawa, ya buɗe shagon gyaran rediyo a bayan kasuwa. In babu wuta, a kan gawayi muke ɗora ƙarfen dalma, ni ne mai fifita. Sai ka kankare bakin waya har ta yi haske, ka murɗa, ka ɗora ƙarfen a kan wayar ba a kan dalmar ba, ka jira ita wayar ta yi zafi ta sha dalma da kanta. Ni ba na iya jira. Sai in ɗiga dalma a kai kamar kashin tsuntsu, in yi maza in naɗe da baƙin salatif, in miƙa masa.

"Habu, me ka binne a nan?"

"Ba komai, Oga."

Sai ya sa farce ya warware salatif ɗin a hankali a gaban masu jira, ya ɗan ja wayar, ta rabu biyu.

"Allah ya taimaki mutanen garin nan da ba likita ka zama ba," in ji shi. "Da kowa ya zo bandeji kawai za ka ɗaura masa ka ce ya warke."

Na daɗe a hannunsa. Na koyi mita, na koyi jin ciwon rediyo daga irin shuuu ɗin da take yi, na koyi dalma har ta fi tasa kyau. Amma halin nan na rufe abin da ban yi daidai ba, bai fita ba. Ɓuya ya yi.

Zamanin talabijin mai eriya, mu ne sarakunan soro. Sai a samo doguwar gora, a ɗaura eriya mai kama da ƙayar kifi, in hau ina juyawa, mai gida yana ɗaki yana ihu, "Ya yi! A'a, ya tafi! Koma! Kai, ka wuce!" Matan gida kuma suna dariya a bayan labule. Daga baya manyan farantan satalayit suka zo, irin masu raga, waɗanda sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga. Wani dattijo a unguwarmu ya sa na kafa masa ɗaya don kawai ya riƙa ganin ɗawafi kai tsaye. Ranar da hoton ya fito, ya cire hularsa ya zauna a ƙasa, ya manta da ni a kan katanga har rana ta gasa ni. A waɗannan shekarun Oga Yohanna ya rasu, shagon ya dawo hannuna. Sai ƙananan faranti masu araha suka cika kasuwa, kowane saurayi mai filaya ya zama injiniya. Na koma gyaran tocila da caja, rediyo kuma sai ta tsofaffi.

Ina cikin wannan zaman ne Malama Rifkatu, 'yar marigayi Oga, ta shigo shagon da kwamfuta a jaka. Tana koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata. Ta fito da wata 'yar na'ura kamar filashi, ta ce akwai taurarin ɗan'adam masu ɗaukar hoton gajimare, suna ratsawa ta samanmu safe da yamma, suna zubo hoton ta igiyar rediyo ga duk mai kunnen ji. Na'ura tana da ita, kwamfuta tana da ita, eriya ce babu.

"Yaya Habu, ɗalibaina sun gaji da zane a allo. So nake su ga samanmu da idonsu. In Baba yana da rai da shi zan kawo wa."

Na ce ta bar mini takardar awon.

Eriyar farko ita ce irin wadda kuka gani a bidiyo. Na sayo sandar tagulla ta masu walda guda biyu, na ari awon tela. Tsawon kowace sanda ya ɗan haura rabin mita, kuma a nan ne wasa ya ƙare: ka ƙara faɗin yatsa, ka rage mata ji. A buɗe su kamar ƙafafun mai tsallaka kwata, a kwance, bakin yana kallon arewa ko kudu, domin ta nan tauraron ke fitowa ya faɗa. Cibiyar wayar talabijin ta kama sanda ɗaya, ragar jikinta ta kama ɗayar, kada gashi ko ɗaya ya taɓa ɗan'uwansa. Wannan duka yini guda ya ishe ku. Abin da bidiyo bai gaya muku ba shi ne gari yana da hayaniyar da kunne ba ya ji. Janareta, cajar waya, fitilun nan masu araha, injin markaɗe, kowanne yana ihu a cikin iska. Na hau soron shago, na hau na makaranta, hoton sai ya fito kamar an watsa gero a kan baƙin zane. Kuma tauraron ba ya tsayawa kamar na faranti. Yana fitowa daga gindin sama, ya ratsa, ya nutse, duka bai fi ka sha fura ka wanke ƙwarya ba. In akwai dogon gini ko darbejiya a gabanka, ka rasa rabin hoton. Fili ake so, sama a buɗe har ƙasa. Sai na tuna da gonar Bukar.

Bukar Babarbare ne, kakansa daga bakin Tafkin Cadi ya taso. Ƙauyensu yana kan hanyar Guri, yana noman shinkafa a fadama, da rani ya yi kamun kifi. Mun saba ne tun ranar da ya kawo mini rediyon da ta faɗa ruwa, a naɗe cikin ganye kamar kifi. Ni kuwa ta wajen uba Bafillace ne, ko da yake ban taɓa kora ko akuya ba. Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Bai taɓa kirana da sunana ba.

"Kai Bafillace, shanun sun ƙare ne ka koma kiwon taurari?"

"Bawana, share mini wuri, ubangidanka ya zo."

"Ubangidan da ya zo a kan aron babur? Falmata, kawo wa yaron nan ruwa, kada ya faɗi mana a ƙofa."

Falmata matarsa ce, ita ma ba ta raga mini.

Ku yaran cikin gari kun san jinga da suna ne kawai. Tudun ƙasa ne da mutane suka gina da hannu tsakanin kogi da gonaki. A ƙauyen su Bukar an raba ta kaso-kaso, kowane gida da nasa, daga wannan alama zuwa waccan. In ta ɓalle a kasonka, ba gonarka kaɗai ruwa zai ci ba, har ta maƙwabta, kuma sunanka za a riƙa kira duk lokacin da aka tuna shekarar. Kason gidan su Bukar bai taɓa ɓallewa ba, tun zamanin kakansa, kuma da wannan ake yi masa kirari. Yana da wani madaɓi na itacen kirya da ya gada, ya yi santsi saboda hannu. Kullum da safe sai ya bi kasonsa yana duba ramin gafiya da tsaga, ya cusa laka, ya daɓe. Doka ɗaya ce kowa ya sani: ba a huda jinga. Ba a kafa mata turken dabba, ba a dasa mata itace, ko sandar kora tsuntsu ba a soka mata.

"Ka hau ka yi haukanka," in ji Bukar da na nemi izinin hawa kasonsa da eriya. "Amma sandarka a hannu za ka riƙe, ko ka tokare ta da buhun ƙasa. Ko allura kada ka soka mini."

Na ce na ji.

Safiyar da hoton farko ya fito, mu uku ne a kan jingar, ni da shi da Malama Rifkatu, ta lulluɓe kwamfuta da mayafi saboda hasken rana. Da farko shuuu kawai ake ji. Sai wani ƙaramin sauti ya ɓullo daga ciki, ƙyas-ƙyas, ƙyas-ƙyas, kamar agogon bango a ɗakin da babu kowa. Layi yana sauka bayan layi. Ina riƙe da sanda, ba na ganin komai, sai tambaya nake. Da sautin ya nutse, muka cusa kai cikin mayafin. Ga hamada fara sol a sama, ga gajimare kamar auduga a ƙasa.

"To ina gonata?" in ji Bukar.

"Baba, ko Haɗejiya gaba ɗaya ba ta kai ƙwayar gero ba a nan," in ji Rifkatu. "Amma ga Tafkin Cadi."

Ta ɗora yatsa a kan wani ɗan baƙin tabo ta gabas. Bukar bai taɓa zuwa can ba, labari kawai ya ji a bakin kakansa. Ya daɗe yana kallo.

"Shi ke nan girmansa? Tsohon nan ya ce in ka shiga ba ka ganin gaɓa." Ya goge ido da hannun riga ya juyo kaina. "Kai kuma me kake kallo? Ku ko kududdufi ba ku da shi a hoton."

Daga ranar abin ya shiga jinina. Rifkatu ta samu abin nuna wa ɗalibanta, ta bar mini tsohuwar kwamfuta, ni kuwa na zarce. Eriyar sanda biyu kurma ce a wasu kusurwoyi, hoton yakan yanke a tsakiya. Sai na ɗauko wadda ta fi ta, irin murɗaɗɗiyar nan. Na tsinto bututun jan ƙarfe daga matattun firji, na gasa shi ya yi laushi, na cika shi da yashi don kada ya ƙulle wajen lanƙwasa, na murɗa zobe biyu, babba da ƙarami, a jikin bututun roba na famfo. Na lalata ta ba sau ɗaya ba kafin ta yi. In ka murɗa ta hagu maimakon dama, ta zama ado kawai. Da na kai ta ƙauye, Bukar ya zagaya ta ya ce, "Wannan ai gura ce, irin tarkon kifinmu. Iska za ka kama?"

Iskar ce ta kama ta. Tana da nauyi a ka, ga jinga babu abin da ke tare guguwa. Buhunan ƙasa ba su riƙe ta. Ta faɗi ta lanƙwashe, na gyara. Ta sake faɗuwa a tsakiyar wani hoto mai kyau, dalma ta tsage, na koma gari na yi kwanaki ina gyara. Da na tambayi Bukar, da ya nemo mini dabara, ko ya ce in koma wani tudu can nesa da ruwa. Ban tambaye shi ba, domin na san amsar, kuma babu wurin da hoto ke fita kamar nan.

Wata ranar kasuwa da na san ya tafi sayar da kifi, a ƙarshen rani, ƙasa ta bushe ƙamas, na zo da bututun nan da kuka gani da babbar guduma. Tsawonsa ya kai mini ƙirji. Na kafa shi a tsakiyar kason Bukar, na yi ta duka har bakinsa ya yi daidai da ƙasa. Ina duka ina jin ƙasar tana amsawa a tafin ƙafata, na kuma ga 'yan tsaga sun tashi daga gindinsa kamar jijiyar ganye. Na shafe su da ƙafa. Na rufe bakin da murfin gwangwanin madara, na yanko ciyawa da saiwarta na ɗora. In na zo, sai in ɗaga ciyawar, in zura sandar eriya a ciki, in jera buhunan ƙasa a gefe don ido. In zan tafi in mayar da komai. A raina har yabon kaina na yi, na ce wannan aikin mai hankali ne.

"Yau gurar taka ta tsaya da ƙafarta," in ji Bukar da ya gani.

"Na ƙara buhu ne."

"Ashe Bafillace yana koyon abu."

Kowace safiya yana wucewa ta kan wurin da madaɓinsa. Ramin gafiya ba ya ɓoye kansa, shi ya sa yake ganinsa. Nawa an yi masa hula.

Damina ta sauka, shinkafa ta yi kyau irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Duk lokacin da iska ta kaɗa eriya, sandar tana girgiza bututun, bututun yana girgiza ƙasar da ke kewaye da shi. Na lura ya fara yin lako-lako, ruwan sama yana bin jikinsa yana shiga. Na cusa tsumma. Wajen tsakiyar damina hotuna suka fara nuna farin gajimare mai kauri ya zauna ta yamma da kudu, can inda kogunanmu ke tasowa, ya ƙi tashi. Kun san ruwan da ke cin Haɗejiya ba a Haɗejiya yake sauka ba. Na nuna wa Bukar ina taƙama, na ce babban ruwa yana tafe. Ya gaya wa Bulama, mai garinsu, aka kira gayya, aka yi ta cika buhu ana ƙara wa jinga tsayi. Har godiya Bulama ya yi mini a gaban jama'a.

A wajen gayyar nan ne ya kamata in yi magana. Mutane suna nan, laka tana nan, kogi bai riga ya iso ba. Da an tone wurin an cire bututun an daɓe, da kafin la'asar an gama. Na tsaya a kan ciyawar da ƙafata, ana ta ce mini Injiniya, sannu Injiniya. Na kalli Bukar yana ba samari umarni, na ce a raina bari jama'a su ragu. Da suka ragu na ce bari gobe. Bukar da kansa ya ce kasonsa ba ya bukatar buhu da yawa, a kai wa na wata gwauruwa da ke gaba, nasa ya san shi kamar tafin hannunsa. Da na dawo bayan kwana biyu da niyyar zare bututun a ɓoye, ruwa ya riga ya kama jikin jingar, ya yi ja, yana tafe da ciyawar kacalla da kararuwa. Zare shi a lokacin buɗe ƙofa ne. Na kwashe eriyata na koma gari.

Da hantsi jingar ta ɓalle, rana tana haske, babu ko ɗigon ruwa a sama. Ban gani ba, labari aka kawo kasuwa. Waɗanda ke wurin sun ce ruwa ya fara tsattsafowa ne daga bayan jingar kamar idon rijiya, Bukar ya yi ta cusa laka yana kiran mutane, kafin su iso ƙasar ta zame a ƙarƙashinsa, da ƙyar aka jawo shi. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi. Amma shinkafar da ta fara fitar da kai, tasa da ta duk waɗanda ke bayan kasonsa, ta kwanta a ƙarƙashin ruwa har ta ruɓe. Shekarar ta yi wa garuruwa da yawa ɓarna, Malama Rifkatu ta sha gaya mini cewa ko babu bututuna mai yiwuwa ta ɓalle. Allah ne masani. Ni dai abin da na sani, a duk tsawon jingar ƙauyen nan wuri ɗaya ne ya buɗe.

Na je jaje. An taru a ƙofar Bulama, mutane ransu a ɓace. Wani ya ce, "Kai ka ce a kai buhu gaba, kai ka ce ka san kasonka." Wani ya ce tsufa ne ya zo, ido ya rage, ya kamata a karɓe kason a ba mai ƙarfi. Bukar yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye. Ya ce, "Kasona ne. Ban ga ramin ba. Ku yafe mini." Ina zaune a bayansa, gwiwata tana kusan taɓa bayansa. Na yi addu'a tare da kowa, na shafa, na hau babur.

Bayan ruwa ya janye, wata ranar Laraba ina cikin gyaran tocila, inuwa ta rufe ƙofar shago. Bukar ne, da bututun a kafaɗa, laka ta bushe a jikinsa, tsummana yana nan a maƙale a bakinsa. Ya jingine shi a bayan ƙofa, daidai inda kuka gan shi.

"Salamu alaikum, Malam Habu. Ga ƙarfenka, na tsinta a bakin ɓaraka. Na ce kada ya ɓata."

Tunda muke bai taɓa ce mini Malam Habu ba. Na tashi, na kama hannunsa, na fara magana. Ya zare hannun a hankali.

"Ni na ce ka hau. Baƙona ne kai. A gaida gida."

Bai gaya wa kowa ba. An karɓe kason aka ba wani. Mutumin da yara ke bi a baya in ya fito da madaɓi ya koma ana yin shiru in ya iso majalisa. Kafin wata damina ya bar wa ƙanensa gonar, ya kwashe Falmata suka koma Birniwa wajen babban ɗansa, tudu mai yashi, inda babu kogi balle jinga.

Sai bayan ya tafi na sami bakin magana. Na je wajen Bulama da bututun, na faɗi komai a gaban dattawa. Na yi zaton za a zage ni, ko a kai ni gaba. Bulama ya dube ni ya ce, "Da ka faɗa ranar da yake zaune a nan, da ya amfane shi. Yanzu wa za mu mayar wa kason?" Suka aika masa da saƙo ya dawo, ya ce a gode musu, ƙafarsa ta yi nauyi. Na roƙi a bar ni in riƙa zuwa aikin kason nan tare da wanda aka ba, aka ce in zo, hannu ba ya yawa.

Na je Birniwa ba sau ɗaya ba. Nakan same shi a gindin bango yana saƙa komar kifi, a garin da babu inda za a jefa ta. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa a kawo mini fura, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Na nemi gafara ya ce ya yafe tun tuni, kuma na yarda ya yafe. Nakan jefa masa tsokana, in ce bawana ya rame, ko ubangida ne ba ya ba shi abinci. Sai ya yi ɗan murmushi ya ce, "Allah ya saka da alheri, Malam Habu." Neman zagi nake zuwa yi, ban taɓa samu ba.

Su ma taurarin da muke saurare sun tsufa, masu su suka kashe su ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya na kafa eriya a kan lokaci, na jira ƙyas-ƙyas ɗin nan, shuuu kawai na ji har lokacin ya wuce. Akwai wasu sababbi, da su za ku yi aiki, ba sa yin wannan sautin, kuma sun fi son eriya mai tsabtar aiki. Zan koya muku duka. Ku zo da sandar tagulla da awon tela, ku bar salatif a gida sai na ga dalmarku da idona. Turke kuwa, ku samo tsohuwar tayar mota, ku cika ta da siminti, ku dasa sanda a tsakiya. Tana da nauyi, za ku yi gumi wajen ɗauka, amma a kan ƙasa take zama ba a cikinta ba. Duk inda za ku kafa, ku tambayi mai wurin abin da ba a yi a nan, in ya faɗa ku ji.

Bukar ya rasu bara da rani. Bayan an yi sadakar bakwai na shiga yi wa Falmata gaisuwa. Tana zaune a kan tabarma cikin takaba, ta amsa, sannan ta miƙa hannu bayan ƙofa ta jawo wani abu a naɗe cikin buhu, ta turo mini. Madaɓin kirya ne.

"Ya bar saƙo," in ji ta. "Yadda ya faɗa zan faɗa maka, kada ka ce ni ce. Ya ce, a ba wa Bafillacen nan, tunda ya iya huda rami, ya je ya koyi toshewa. Ya ce kuma a gaya masa ta ɓangare mai faɗi ake daɓe, don na san shi, sai ya riƙe shi a juye."

Na karɓa, na fito, na ɗaure shi a bayan babur.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu akwai aikin jinga, kogi ya fara motsi. Wanda yake son ganin inda hoto ya fi fita a duk ƙasar nan, ya same ni a shago da sassafe. Ku sa tufafin da ba ku so, za mu fara da laka.